Kwarin Timiya: Amanar Ruwa a Tsakiyar Duwatsun Abzin

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya kafa duwatsu, ya kuma taskace ruwa a ƙarƙashin rairayi domin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Da wuya a sami gidan Bahaushe, tun daga Damagaram har zuwa Katsina da Kano, wanda kakanninsa ba su ci gishirin Bilma ba, ko kuwa dabbobinsu ba su lashi kantu ba. Amma in ka tambayi yaran yau ta wace hanya kantun nan yake isowa kasuwa, kaɗan ne za su ba ka amsa. Da yawa daga cikin raƙuman da suka yi ta ɗauko shi shekaru aru-aru, daga kwaruruwan duwatsun Abzin suke tasowa, kuma can suke komawa da geronmu. Ɗaya daga cikin waɗannan kwaruruwa shi ne Timiya. Ya cancanci mu san shi, domin mutanensa sun daɗe suna rayuwa a inda ruwa yake da ƙaranci ƙwarai, kuma abin da ya riƙe su shi ne sanin gwargwado. Wannan gwargwadon ne yake fuskantar jarrabawa a zamaninmu.

Inda kwarin yake

Duwatsun Abzin, waɗanda masu su ke kira Ayar, suna cikin jihar Agadas a arewacin Nijar. Jerin tsaunuka ne manya, wasu baƙaƙe wuluk saboda asalinsu aman wuta ne, wasu kuwa jajaye-jajaye. A cikinsu ne tsaunin Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, kuma babu wurin da ya fi ta tsawo a duk faɗin ƙasar. Gabas da su kuwa sai Tenere, tekun rairayi wanda ba ciyawa ba inuwa.

Timiya tana da nisan kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da birnin Agadas, ta hanyar da ke ratsa duwatsu da busassun ƙoramu. Matafiyi yakan yini yana kallon dutse da ƙaya, sai kwatsam kwari ya buɗe masa: ga dabino jere a gefen rairayi, ga koren lemu da rumman a bayan shingaye, ga gidajen laka da dutse a gindin tsauni. A bisa wani tudu da ke kallon garin akwai tsohon barikin da sojojin Faransa suka gina a farkon shekarun 1950. Daga can mutum zai ga yadda koren ya bi ƙorama kamar zare, yana kumbura inda kwarin ya yi faɗi, yana tsukewa inda duwatsu suka matse shi. Taku kaɗan daga shingen ƙarshe, hamada ta karɓi ikonta.

Sirrin wurin yana cikin tafiyar ruwa. Ruwan sama ba ya da yawa a nan, kuma tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Da yake dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kan tsaunuka sai ya gangaro ya taru a ƙorama, ta cika ta yi ta ruri na ƴan sa'o'i ko ƴan kwanaki, sa'an nan ta ɗauke. Wanda bai sani ba sai ya ce ruwan ya tafi. A'a, wani kasonsa ya nutse cikin rairayin ƙoramar, inda dutsen da ke ƙasa ya tare shi, rairayin da ke sama kuma ya kāre shi daga rana. Wannan taska ce rijiyoyin garin ke sha har damina ta zagayo. Ba nisa da garin kuma akwai wata magangara inda ruwa ke zubowa daga baƙin dutse zuwa cikin wani tafki, wanda ke daɗewa bayan damina ta wuce, makiyaya suna shayar da bisashe.

Garka da guga

Mutanen Timiya Abzinawa ne na ƙabilar Kel Ewe. Tun da can rayuwarsu a kan abu uku ta dogara, kamar murhu: garka, da awaki, da ayari. Mata ne ke da kiwon awaki, su bi su cikin kwazazzabai inda bagaruwa da aduwa da magarya suke, su tatsi nono su yi cuku. Maza kuwa wasu su tsaya garka, wasu su bi raƙuma. Gida ɗaya yakan raba ƴaƴansa a kan sana'o'in uku, domin in fari ya kashe awaki garka ta ciyar, in ambaliya ta cinye garka ayari ya kawo hatsi.

Garkar Abzin ba ta da girma, amma ba ta hutu. Da sanyi a shuka alkama da tumatir da albasa da tafarnuwa, da zafi a shuka masara da gero. A bisansu ga dabino yana ba da inuwa, a tsakani ga lemu da rumman da inabi da ɓaure. Lemun Timiya ya yi suna, har ana lodinsa a mota zuwa Agadas da Arlit da ma wasu biranen kudu.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake jan ruwa, da wata dabara da suke kira takarkart. Ana kafa itatuwa biyu a bakin rijiya, a gicciya wani a samansu, a sa wata ƴar ƙafar itace mai juyawa wadda igiya ke bi ta kanta. Gugan na fata ne babba, yana da dogon baki a gindinsa, an ɗaure bakin da igiya ta biyu. Raƙumi ko sa shi ke ja, yaro yana riƙe da akala. Muddin guga na hawowa, bakin nan a lanƙwashe yake, ruwa ba ya zuba. Da ya iso sama sai igiya ta biyu ta miƙar da shi, ruwa ya kwarara cikin kututturen dabino da aka fafe, ya bi magudana. A can cikin shuka akwai mai fartanya yana buɗe wa wannan fangali yana toshe wancan. Haka ake yi tun sassafe, dabba ta je ta dawo, ta je ta dawo.

Ku lura da hikimar da ke ciki. Dabba tana gajiya, yaro yana jin yunwa, rana tana take. Saboda haka ruwan da mai garka zai ɗiba a yini yana da iyaka, ko ya so ko ya ƙi. Faɗin garkarsa daidai da ƙarfin raƙuminsa. Rijiya takan sami dare guda ta huta ta tara, maƙwabci na ƙasa kuma ya sami rabonsa.

Ayarin da ya haɗa mu

Garka ba ta isa ta ciyar da kwari duka ba, ga shi kuma gero shi ne abincin yau da kullum. Abincin da Abzinawa suka fi ji da shi wajen tafiya ma, gero ne ake dakawa da cuku da dabino a dama da ruwa, ɗan'uwan furarmu. To, daga ina geron yake zuwa? Daga ƙasar Hausa. Da me ake sayensa? Da gishiri da dabinon Kawar.

Bayan damina, wajen watan Oktoba, raƙuma sun ƙoshi, sai maza su yanki ciyawa su ɗaure dami-dami, domin babu abin da dabba za ta ci a hanya. Su cika salkuna, su fuskanci gabas, su ratsa Tenere zuwa Fashi ko Bilma. Daga Timiya zuwa Bilma ya fi kilomita 400, kuma rijiyoyin hanya ƴan kaɗan ne. Ana tafiya tun da hantsi har dare ya raba, ba a tsayawa cin abinci, sai dai a dama a miƙa wa juna ana tafe. Jagoran tafiyar sunansa madugu, kalmar da mu da su duka muke amfani da ita, kuma da rana da taurari yake gane gabas. A farkon ƙarni na 20 ayari guda yakan kai raƙuma dubu goma, wani lokaci ma fiye.

A Bilma su ba da gero da busasshen tumatir da cuku, su karɓi dabino da gishiri iri biyu: beza na miya, da kantu na dabbobi. Su komo gida su ɗan huta, sa'an nan su yi kudu, ta Damargu zuwa Damagaram da Tasawa, har Katsina da Kano. A nan sukan yi watanni. Raƙuma su ci karan da aka bari bayan girbi, su bar wa manomi taki a gonarsa. Baƙo ya sayar da kantu a kasuwannin ƙauye, ya auni gero, ya sayi turkuɗi na garin Kura kusa da Kano, wanda da shi ake naɗa rawanin nan mai sheƙi da aka san Abzinawa da shi. Kafin damina su kama hanyar gida. Namiji yakan yi fiye da rabin shekara ba ya gidansa, mata ne ke riƙe da gari.

Wannan zirga-zirga ce ta sa mazan Kel Ewe suke jin Hausa kamar harshen uwa. Akwai gidaje a ƙasar Hausa da suka gaji baƙonsu daga kaka, kowace shekara a gonarsu yake sauke kaya. An ba da bashi ba takarda, an biya bayan shekara. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to wannan a ƙafar raƙumi ta yi tafiya. Wani masani Bajamushe, Gerd Spittler, ya zauna da mutanen Timiya shekaru da dama, ya rubuta yadda suke aikin ayari da kiwo, da yadda suka jure yunwar 1984 da haƙuri da kamun kai.

Abin da duwatsu suka adana

Dangantakar ta girmi cinikin gishiri. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu, su kafa Birnin Lalle, daga baya kuma Alƙalawa. Ke nan wani reshe na Hausawa yana da tsohon gida a cikin waɗannan duwatsu.

Kafin su ma akwai wasu mutanen da ba mu san sunansu ba, waɗanda suka bar zane a jikin duwatsu: shanu masu dogayen ƙahoni, giwaye, jiminu, da raƙuman dawa. Mafi shahara shi ne zanen Dabus a yammacin Abzin, inda aka sassaƙa raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5. Masana sun ƙiyasta shekarunsa da dubbai. Waɗannan dabbobi ba sa rayuwa sai inda ke da ciyawa da tafkuna. Yau wanda ke son ganin garken raƙuman dawa a Nijar sai ya nufi wajen Kure, kusa da Yamai. Ga wa'azi a rubuce a kan dutse: ƙasar da ke kore tana iya bushewa.

Arewa da Timiya, ba nisa sosai, akwai kufan Asode, wanda ya taɓa zama babban birnin Kel Ewe kuma zangon fatake tsakanin Gat da ƙasar Hausa. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Abzin a 1850, ya ruwaito cewa garin yana da gidaje kusan dubu, amma kimanin tamanin kaɗai ke da mutane a lokacin. Yanzu babu kowa. Sai bangayen dutse da suka zube, da kangon babban masallaci, da fasassun tukwane a ƙasa. Abin da ya ƙarasa shi shi ne yaƙin Kawusan. A watan Disamba na 1916 Kawusan da Sarkin Abzin Tagama suka yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas, har zuwa watan Maris na 1917 da aka kawo wa Turawa ɗauki. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai a Agadas, an ƙwace raƙuma, an kwashe mutane daga kwaruruwansu. Da ƙura ta lafa mutanen Timiya sun koma sun tā da garake. Asode kuwa bai sake tashi ba.

Abzin kuma ƙasar ilimi ce. A cikin duwatsun akwai tsofaffin masallatai na dutse, marasa tsawo, waɗanda wasunsu ke da alaƙa da Sidi Mahmud Albagdadi, malamin da ya yi wa'azi a nan a ƙarni na 16 har aka kashe shi. A Agadas ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je ya zauna gaban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an gina ta wajen 1515 aka sabunta ta a 1844. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, kamar yadda ta sanya gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, tun 1991.

Abin da ya sauya

Shekara guda bayan wannan karramawa, a 1992, aka mayar da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke a arewa. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, amma wuta ta sake tashi daga 2007 zuwa 2009, inda aka fara da hari a Iferwan. A tsakanin haka jiminar Abzin ta ƙare a daji saboda harbi, barewa da ragon dutse suka ragu, baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Tun kafin nan farin 1973 da na 1984 sun hallaka raƙuma da awaki masu yawa. Manyan motoci suka shiga jigilar gishiri, ayari ya ƙanƙance. Daga 2014, da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, samari da yawa suka bar akala da fartanya suka nufi ramuka.

Sai dai babban sauyi a bakin rijiya ya faru. Injin ban ruwa ya maye gurbin raƙumi a garake da yawa na Abzin. Kada mu yi wa injin butulci: ya sauƙaƙa wahala, ya saki yaron da ke jan akala ya tafi makaranta, ya sa albasar Abzin, musamman ta wajen Tabelot, ta zama hajar da ake kaiwa har ƙasashen bakin teku. Gidaje da yawa da kuɗinta suka yi rufi, suka yi aure, suka sauke farali.

Amma inji ba ya gajiya. Muddin akwai mai, zai yi ta zuƙa. Aka faɗaɗa garake, aka sare itatuwan gefen ƙorama don a sami fili, alhali saiwoyinsu ne ke riƙe gaɓa. Sakamako biyu ne suka bayyana. Da rani ruwa yakan yi ƙasa, mai hali ya ƙara wa rijiyarsa zurfi, marar hali ya zuba ido tasa ta ƙafe, dabinon da kakansa ya dasa ya bushe a tsaye. Da damina kuwa ƙorama takan zo da fushi, ba abin da zai rage mata gudu, ta yanki gaɓa ta tafi da garka sukutum da rijiyarta. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar ƙoramar Telwa ta watan Satumba 2009 ba. Ruwan da ya wuce da gudu kuma bai nutse ba, don haka bai ƙara kome a taskar ƙasa ba.

Abin da shari'a ta tanada

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san cewa amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushuri, ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahalar guga ko dabba kuwa rabin ushuri, in ya kai nisabi. Alkama da masara da gero da dabinon Timiya duk sun shiga wannan hukunci. Lemu da albasa ba a fitar da zakka daga jikinsu a mazhabarmu, sai dai daga kuɗinsu in sun kai nisabi shekara ta zagayo. Shari'a ta san darajar gumin mai ban ruwa, har ta rage masa.

Ta kuma ɗora masa sharuɗɗa. Shan mutum da na dabba yana gaba da ban ruwan shuka. Ba a hana maƙwabci rarar ruwa alhali shukarsa tana mutuwa. Wanda ke sama a kan magudana ya shayar gwargwado, sa'an nan ya saki ruwa ga na ƙasa. Ba a haƙa rijiyar da za ta ƙafar da ta wani, domin cutarwa abar gusarwa ce. An ma hana mu ɓarnar ruwa a wajen alwala, balle a wajen neman riba. Da can gajiyar raƙumi ce ke tsare waɗannan iyakoki ba tare da an yi shari'a ba. Yanzu da raƙumi ya koma gefe, ba abin da ya rage sai tsoron Allah da yarjejeniyar jama'a.

Hanyoyin gyara sanannu ne, kuma an gwada su a kwaruruwan Abzin: jera duwatsu cikin ragar ƙarfe don kāre gaɓa, gina ƙananan madatsai a gicciye cikin ƙorama don ruwa ya tsaya ya nutse, da barin goruba da bagaruwa a bakin rafi. Abin da ya fi wuya shi ne masu garake su zauna da hakimai da limamai su amince da sa'o'in tā da inji da tazarar rijiyoyi, sa'an nan kowa ya tsaya a kan alkawari. Wannan aiki ne da huɗubar Juma'a za ta iya taimaka masa ƙwarai.

Mu ma da ke kudu maganar ta shafe mu, domin injin nan ya shiga fadamunmu da gulabenmu, daga Maraɗi har Tawa, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Iyaye su zaunar da yara su ba su labarin kantu da madugu, su nuna musu Abzin a taswira. Wanda Allah ya kai shi can, kada ya ɗauko kan kibiyar dutse ko guntun tukunya daga kufai, kada ya rubuta sunansa a kan zanen mutanen farko. Wanda kuma Ba'abzine ya sauka a gonarsa da raƙuma bayan girbi, ya tarbe shi da ruwa da fara'a kamar yadda kakansa ya yi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rijiyoyin Abzin da namu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa mu cikin masu riƙon amana. Amin.